Zinariya 79, Dalma 82: Yadda Ƙidaya ta Karɓe Jadawalin Sinadarai daga Hannun Sikeli

Ɗalibin kimiyya da ya shiga ajin farko na babbar sakandare, a Zurmi yake ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda, aikin farko da malamin kemistiri kan ɗora masa shi ne haddar sinadarai 20 na farko, daga haidurojin mai lamba 1 har zuwa kalsiyam mai lamba 20. Yara su haddace, su zube a takardar WAEC ko NECO, da yawansu kuma su bar makaranta suna zaton lambobin nan irin na rajistar aji ne: wani ne ya zauna ya jera sunaye ya bai wa kowa tasa, da ya ga dama da ya jera su ta wata hanya dabam. Wannan zato kuskure ne babba, domin yana rufe abin da ya fi komai muhimmanci a jadawalin da ke rataye a bangon ɗakin gwaje-gwaje. Lambar zarra ƙidaya ce ta wani abu da ke zaune cikin ƙwayar zarrar kanta, ana auna ta da na'ura, kuma duk wanda ya auna, ko a ina yake, amsa ɗaya zai samu. Sai da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna bin nauyi kafin su gane haka. A ganina, abin da ya sa ƙidaya ta yi rinjaye shi ne ta amsa tambayoyin da sikeli ba shi da ikon amsawa, kuma Zamfara na cikin wuraren da suka ga amfanin wannan amsa, a cikin wani hali na baƙin ciki.

Magabata ba su yi wauta ba da suka kama nauyi, don abin da ke hannunsu ke nan. Babu mai ganin ƙwayar zarra, amma sikeli na nan, kuma ana iya auna yawan wannan sinadari da ke haɗuwa da wancan. A 1808 John Dalton na Manchester ya wallafa ra'ayinsa cewa ƙwayoyin kowane sinadari suna da nauyinsu na kansu. A 1829 wani Bajamushe, Johann Döbereiner, ya lura wasu sinadarai na tafiya uku-uku, kamar kulorin da buromin da aidin, masu hali iri ɗaya, nauyin na tsakiyarsu kuma ya faɗo kusan daidai tsakanin na sauran biyun. Ma'aunan kansu sun daɗe a rikice, wani ya ce nauyin oksijin 8, wani ya ce 16, har sai da Stanislao Cannizzaro ya nuna hanyar daidaita su a taron Karlsruhe na 1860. Bayan nan John Newlands na Ingila ya jera sinadarai bisa nauyi, ya bai wa kowanne lamba, ya ce halayensu na maimaituwa a kowane na takwas. Da ya gabatar da wannan a Landan a 1866, wani daga cikin masu sauraro ya tambaye shi cikin ba'a ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu. Ba'ar ta yi yawa, amma akwai rauni na gaske a aikin: lambobin Newlands matsayi ne kawai a layi, duk ranar da aka gano sabon sinadari sai su goce gaba ɗaya.

Dmitri Mendeleev na Rasha ya fi shi ƙarfin hali. A 1869 ya jera sinadarai 63 da aka sani, inda ya ga tsarin bai cika ba kuma ya bar gurbi ya ce akwai mai shi, ba a dai gano shi ba tukuna. Har siffofin waɗansu ya faɗa. Da aka gano galiyam a Faransa a 1875, wanda ya gano shi ya auna kaurinsa ya samu 4.7, Mendeleev, da bai taɓa riƙe ƙarfen ba, ya rubuta ya ce a sake aunawa, aka sake aka samu 5.9, kamar yadda ya hango. Skandiyam ya biyo a 1879, jamaniyam a 1886. Duk da wannan nasara, jadawalin yana da wurare da mai shi ya karya dokarsa da hannunsa. Nauyin teluriyam 127.6 ne, na aidin (wanda ake sa wa gishirin leda don hana maƙoƙo) 126.9, don haka bisa nauyi aidin ya kamata ya rigaya. Amma halin aidin na gidan su kulorin ne, sai Mendeleev ya sauya musu wuri ya dage cewa masu auna teluriyam ne suka yi kuskure. Bohuslav Brauner ya yi shekaru yana sake aunawa a Prague, teluriyam ya ƙi yin sauƙi. Da aka gano agon a 1894 abin ya ƙara muni. Agon, iskar da masu walda ke amfani da ita saboda ba ta haɗuwa da komai, nauyinta 39.9. Fotasiyam, wato harafin K da ke jikin buhun takin NPK da manomin Zurmi ke saye, wanda kuma ke cikin ruwan toka, nauyinsa 39.1. Da an bi sikeli, ƙarfen da ke kamawa da wuta in ya taɓa ruwa zai zauna a gidan iskokin da ba ruwansu da kowa. Kowa ya san hakan ba daidai ba ne, amma ba wanda ya iya faɗin dalili. Mendeleev ya rasu a 1907 bai san shi ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan zurfi, ita ce ba a yawan ambata a aji. Nauyi ba ya faɗa maka sinadarai nawa suka rage. Tazarar nauyi tsakanin maƙwabta takan zama 1, ko 3, ko 5, don haka in ka ga tazara mai faɗi ba ka da tabbas ko wani ne ya ɓata a ciki ko haka Allah ya yi ta. Shi kansa Mendeleev ya yi hasashen sinadarai biyu da suka fi haidurojin sauƙi, babu ko ɗaya. A tsakiyar jadawalin, wajen ƙarafan nan masu wuyar rabewa da juna da ke farawa daga lantanam, masana suka yi ta shelar sababbin sinadarai, daga baya a tarar gauraye ne na tsofaffi. Sannan binciken yuraniyam da toriyam ya fito da abubuwa da dama masu nauyi daban-daban waɗanda babu wata dabarar kemistiri da ke raba su da juna. Frederick Soddy ya kira su aisotof a 1913, masu gurbi ɗaya a jadawali da nauyi dabam. A 1914 Theodore Richards na Amurka ya nuna dalmar da aka ciro daga duwatsun yuraniyam ba ta kai dalmar yau da kullum nauyi ba, alhali duk dalma ce. Abu ɗaya mai nauyi biyu ya isa ya nuna nauyi ba shi ne asalin abu ba.

Mafita ta fito daga masana fisiks. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna ƙwayar zarra na da wata 'yar mitsitsiyar cibiya da ta tattara kusan dukkan nauyinta, mai ɗauke da cajin lantarki, ilektron kuma na kewaye da ita. Wanda ya fara cewa yawan cajin cibiyar daidai yake da matsayin sinadari a jadawali ba farfesa ba ne, lauya ne ɗan ƙasar Holan mai suna Antonius van den Broek, kuma hasashe ya yi, ba gwaji ba. Wanda ya gwada shi ne Henry Moseley, saurayi ɗan shekara 26 a ɗakin binciken Rutherford. An riga an san cewa in aka harbi ƙarfe da ilektron yakan fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma kowane ƙarfe da irin nasa. Moseley ya jera gutsattsarin ƙarafa a kan wani ɗan ƙaramin amalanke cikin bututun da aka zuƙe wa iska, yana jawo su ɗaya bayan ɗaya da zare zuwa gaban harbin, hasken da ya fito ya bi ta jikin wani ƙanƙararren gishiri da ke baza shi, ya bar layuka a farantin hoto. Ya wallafa sakamakon farko a Disamba 1913, daga kalsiyam zuwa tutiya, na biyu kuma a Afrilu 1914, 'yan watanni bayan Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, daga alminiyam zuwa zinariya.

Abin da ya gani yana da sauƙin da malami a Zurmi zai iya nunawa a allo da kalkuletar waya, balle ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Da ma'aunin yau, ƙarfin babban layin hasken baƙin ƙarfe 6.40 ne, na kobal 6.93, na nikel 7.48, na jan ƙarfe 8.05, na tutiya 8.64. A nemi saiwar kowanne, wato adadin da in aka ninka shi da kansa zai ba da wannan lamba, sai a samu 2.53, 2.63, 2.73, 2.84, 2.94. Kowane taki ɗaya ne da ɗan'uwansa, kusan 0.10. Yanzu a dubi nauyin ƙarafan nan biyar: 55.8, 58.9, 58.7, 63.5, 65.4. Ya yi tsalle, ya ja da baya kaɗan, ya yi babban tsalle, ya yi ƙarami. Ga jeri biyu a kan abubuwa guda, ɗaya na tangaɗi, ɗaya na hawa daki-daki. Moseley ya yanke hukuncin cewa akwai wani adadi a cikin zarra da ke ƙaruwa da ɗaya-ɗaya daga sinadari zuwa na gaba, kuma ba zai zama komai ba sai cajin cibiya. Kobal, da ya fi nikel nauyi, ya fito a gabansa, 27 kafin 28. Sunan abin da ake ƙirgawa, furoton, ya zo a 1920. A 1932 James Chadwick ya gano niyutron, mai nauyi amma marar caji, sai sauran tambayar ta warware: yawancin agon na da furoton 18 da niyutron 22, yawancin fotasiyam na da furoton 19 da niyutron 20. Agon ya fi nauyi, fotasiyam ya fi lamba, kuma tun da yawan furoton ne ke yanke yawan ilektron, ilektron kuma su ke yin haɗuwa da rabuwa, lamba ce ke riƙe da hali.

Da wannan, tambayar da ba ta da iyaka ta samu iyaka. Tsakanin 42 da 44 gurbi ɗaya ne tak, babu mai cusa biyu. Moseley ya nuna babu kowa a 43, 61, 72 da 75. Georges Urbain na Faransa, wanda ya yi shekaru yana tace ƙarafan nan masu wuyar rabewa, ya kai masa samfurorinsa Oxford a 1914, har da wanda yake da'awar sabon sinadari ne. Cikin 'yan kwanaki na'urar ta faɗi abin da ke cikin kowanne, sabon sinadarin kuwa bai bayyana ba. Lamba 72 ta fito a Kopenhagen a 1923, a cikin duwatsun zirkoniyam, aka sa mata suna hafniyam. Reniyam, 75, ya zo a 1925; teknitiyam, 43, a 1937; furomitiyam, 61, a 1945. Moseley bai ga ko ɗaya ba. Ya shiga soja da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka harbe shi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya ranar 10 ga Agusta 1915, yana ɗan shekara 27.

Mai musu zai ce an zuzuta Moseley. Ai jadawalin da ya tabbatar kusan shi ne wanda Mendeleev ya bari. Masana kemistiri sun riga sun sa aidin da fotasiyam inda ya dace tun kafin a haife shi ko yana yaro. Akwai gaskiya a wannan, kuma ban ga amfanin rage wa Barashen daraja don a ƙara wa Baturen Ingila ba. Sai dai sanin wurin abu ta hanyar lura da halinsa dabam ne da samun ma'aunin da bai dogara da basirar mai lura ba. Mendeleev ya dace a wurare, ya kuskure a wasu, kuma a zamaninsa babu yadda za a bambance dacensa da kuskurensa sai an jira. Bayan 1914 kowane mai da'awar sabon sinadari ana iya ce masa ya kawo layinsa a gani. Ƙari a kan haka, ma'aunin na aiki ko da abin a gauraye yake. Kafin ka auna nauyin zarrar wani sinadari dole ka tace shi tsaf, aikin watanni ko shekaru. Hasken eksire bai damu da tacewa ba. Moseley da kansa ya ga layukan jan ƙarfe da na tutiya a tagulla, ya ga na nikel da baƙin ƙarfe a kobal ɗinsa da ba shi da tsarki, ya kuma ce wannan zai iya zama hanyar gano abin da ke cikin kowane irin samfur.

Hanyar ce ta zo Zamfara shekara 96 bayan haka. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na-gari-na-kowa, MSF, da ke sa ido kan sanƙarau, suka tarar yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane na kawo dutse cikin gida suna dakawa a turmi ko su niƙa a injin niƙan hatsi, dutsen kuwa cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da hannuwan yara masu rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Likitoci suka ce maganin fitar da dalma daga jini ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo, don haka sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. To wane gida, wane lungu, zuwa wane zurfi? Ido ba ya bambance ƙasa mai dalma da marar ita. Ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith da na gwamnatin jiha sun bi Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji da sauransu, daga baya Bagega a 2013, da wata na'ura ta hannu da ake ɗora bakinta a ƙasa. Tana harba hasken eksire, ya fizge ilektron daga can kusa da cibiyar zarra, wani ya faɗo ya cike gurbin yana sakin haske mai ƙarfin da cajin cibiyar ya yanke. Zinariya mai furoton 79 na amsawa a 9.7, zaibar da masu haƙa ke kama zinariya da ita, mai 80, a kusan 10.0, dalma mai 82 a 10.55. A wasu wurare na'urar ta nuna dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato ɗaya bisa goma na ƙasar, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a filin wasan yara a wancan lokacin 400 ce. Da lambobin jadawali tsarin da mutane suka ga dama ne kawai, da babu abin da na'urar za ta karanta.

Musu na biyu ya fi na farko ƙarfi: lamba ba ta faɗin komai da komai. Haka ne. Na'urar na cewa ga dalma, ba ta cewa da me ta haɗu, wannan kuwa shi ke yanke yawan abin da cikin yaro zai tsotsa. Masu binciken ƙasa na gwamnatin Amurka sun gano cewa a duwatsun Zamfara ruwa da iska sun daɗe da mayar da yawancin dalmar daga haɗinta da farar wuta, irin na dutsen tozali, zuwa haɗin kabonet da ke narkewa da sauri a ruwan ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɓarnar ta yi tsanani haka. (Ba wai tozalin dalma ba shi da illa ba ne, musamman a idon jariri.) Nauyi ma bai yi ritaya ba. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar duk lambarsa 92, amma kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai mai nauyin 235, wanda ake nema don tashar nukiliya ko makami, kuma duk taƙaddamar da ake yi da Iran a kan tace shi, taƙaddama ce ta nauyi. Ita kanta na'urar tana iya ruɗewa: babban layin asenik na faɗowa a 10.54, daf da na dalma, sai mai aiki ya duba layin dalma na biyu a wajen 12.6 kafin ya tabbatar. Duk waɗannan na nuna iyakar lambar zarra, amma a lura da inda suka tsaya. Kafin a tambayi wane irin haɗin dalma ne, ko wane nau'in yuraniyam, sai an fara sanin dalma ce ko yuraniyam ne, kuma wannan tambaya ta farko ita ce lamba ta amsa. Nauyi ya sauko daga matsayin mai faɗin ko wane ne abu zuwa mai bambance 'yan gida ɗaya.

Lambar zarra ta kuma yanke wata tsohuwar gardama da malaman Musulunci suka yi ƙarnuka kafin Dalton, ta ko ana iya mayar da dalma ko jan ƙarfe zinariya. Ibn Sina ya ce masu wannan sana'a rini kawai suke yi, suna sauya launi ba sa taɓa asali, Ibn Khaldun kuma ya ware babi a Muƙaddimarsa ta 1377 yana rushe da'awarsu. Sun yi gaskiya a kan duk abin da wuta da tukunya da ruwan batir ke iya yi, domin waɗannan ba sa wuce ilektron na waje, furoton uku da suka raba 82 da 79 kuwa suna can cikin cibiya. Duk mai zuwa da hoda ko ruwan da ya ce zai juya ƙarfe zinariya ɗan damfara ne, ko a wane ƙarni ya zo. Amma tun da asalin sinadari ƙidaya ne, wanda ya iya rage ƙidayar ya sauya asalin. A 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Berkeley sun mayar da wasu 'yan ƙwayoyin bismut, mai lamba 83, zinariya. A Mayu 2025 masu gwajin ALICE a cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan suka ba da sanarwar cewa cibiyoyin dalma da ke gilma juna da gudu kusan na haske kan zubar da furoton uku su koma zinariya, kuma tsakanin 2015 da 2018 an samu irin wannan kusan sau biliyan 86. In aka tara su duka, nauyinsu kashi 29 ne cikin tiriliyan na giram ɗaya, kuma kowace na tarwatsewa a jikin bututun na'urar kafin ƙiftawar ido.